Ruwan Da Bai Kai Ƙirji Ba

Mu masu kiyaye ranar Asabar muna da fili a bayan gari, in ka wuce Daɗin Kowa ka saki kwalta, inda muke taron zango na mako guda duk ƙarshen shekara. Mahaifiyata ta ce da ƙafa suka fara zuwa wurin, da zana da tukwane a ka. Dattawan coci sun zaɓe shi ne saboda rafin da ya ratsa gindin duwatsu, don mu ba ma yayyafa wa mutum ruwa a baftisma, nutsar da shi ake yi gaba ɗaya. Daga bukkokin zana aka koma tanti, daga baya aka kafa rumfar kwano. Gidaje sun zo sun kewaye mu, amma filin yana nan.

Rafin dama ba mai zurfi ba ne. Ranar Alhamis maza kan cika buhuna da yashi su tare shi, kafin Asabar ruwa ya taru ya kai ƙirjin babban mutum. A nan aka yi wa mahaifiyata baftisma, da ni, da 'ya'yanmu uku.

Maigidana ne bai shiga ba. Makanike ne a Gada Biyu, Asabar kuwa ita ce ranar da motoci suka fi zuwa. Amma duk shekara shi ke kai mu, kuma ba a jera buhunan nan sai da shi, don shi ya san inda ruwa ke zurarewa. Fasto kan ce masa, "Oga, kai ke haɗa wa mutane ruwan wanka, kai kuma ba ka wanka." Sai ya yi dariya ya ce, "Ku fara dai, Fasto, in ga ko ba ya cin mutum." Da yamma ya koma gareji. Na daina yi masa maganar tun yara suna ƙanana, na koma gaya wa Ubangiji.

Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bara, wata safiya ina shafa masa man zafi, ya ce, "Maman yara, bana zan shiga ruwan nan." Na shiga kicin na yi kukana.

Da muka isa zango, rafin iya idon sawu. Jinya ta hana ni zuwa taron da ya gabata, ban san masu lambu sun cika gaɓar sama ba, kowa da injin ban-ruwansa. Maza suka jera buhuna, shi yana kan kujera yana nuni da sanda. Gari ya waye Juma'a, ruwa da ƙyar ya taɓa gwiwa.

Na haura wurin wani dattijo mai lambun kabeji da ke kusa da mu. Ya saurare ni har na gama, ya je ya kashe injinsa. "Ni na kashe, 'yata, har jibi ma," in ji shi. "Amma hau dutsen nan ki duba." Na hau. Tiyo bayan tiyo, iyakar ganina. Na roƙi mutum huɗu, biyu suka yarda, biyu suka nuna mini shukarsu ta yi yaushi. Ban ga laifinsu ba. Rana tana sauka, mu kuwa da ta faɗi ranar Juma'a Assabbaci ya shiga, ba mai sake taɓa buhu. Na juyo.

Washegari aka yi wa matasa baftisma a zaune, ana kwantar da su ta baya. Maigidana kuwa sai mutum huɗu sun cicciɓe shi sun shimfiɗe a cikin laka. Fasto ya durƙusa kusa da kujerarsa ya ce akwai kwami na siminti a cocin cikin gari, har ruwan ɗumi za a zuba masa.

"Shekara nawa ina ɗaukar yashi don wasu su shiga a tsaye?" in ji maigidana. "Ni kuma a saka ni a kwami kamar kayan wanki?"

"Baban yara, ruwa ai ruwa ne."

"Baɗi," ya ce, ya kawar da kai.

Fasto ya gaya mini Allah zuciya yake dubawa, na kuma gaskata. Amma maganar maigidana tana ƙara nauyi, hannun daman ma ya fara rawa. Duk mako ina kawo zancen kwamin, shi kuma sai ya tambaye ni ko damina ta yi kyau a kan duwatsu. Nakan ce ta yi. Ban gaya masa na je na duba ba, an share sabbin lambuna har jikin shingenmu.