Salifou Maigwaji, Mutumin da Zongo Ke Jiran Bakinsa Kafin Sayen Babur

Haihuwa da asali

An haifi Malam Salifou, wanda aka fi sani da Maigwaji, a shekarar 1959 a tsohuwar unguwar Zongo da ke tsakiyar birnin Lomé. Mahaifinsa shi ne Malam Hamidou, mutumin Dogon Dutsi ta ƙasar Nijar, wanda fataucin shanu ya gangaro da shi bakin teku, abinci kuma ya zaunar da shi. Mahaifiyarsa kuwa ita ce Ajaratu, 'yar asalin Sokodé, mai sana'ar waina. Shi ne ɗansu na uku, kuma namiji ɗaya tilo da ya rayu.

Karatu da koyon sana'a

Ya fara karatun Alƙur'ani yana ɗan shekara biyar, ya sauke yana da goma sha uku, a tsakani kuma ya taɓa lakwal, wato makarantar boko, na shekara uku, inda ya samo Faransancin da ya ishe shi musu da ɗan sanda har ƙarshen rayuwarsa. A shekarar 1973 mahaifinsa ya miƙa shi ga wani makanike a unguwar Bè-Kpota, kuma a can ya koyi gyaran babur da walda da harshen Mina. Sa'ad da hukuma ta rushe tsohuwar Zongo a shekarar 1977, aka kwashe jama'arta zuwa arewacin birni, shi ne ya fara kafa rumfar gyara a sabon mazaunin, da sifana huɗu da guduma ɗaya.

Aure

A shekarar 1984 ya auri Rabiatou, 'yar wani mahauci maƙwabcinsu, mace mai kaifin harshe da kaifin gani, wadda ita kaɗai ce a duniya ke iya gaya masa ya yi kuskure ya yi shiru. Da ita ya zauna har wafatinsa.

Asalin gwaji

A lokacin dogon yajin aikin da aka soma a ƙarshen 1992, motocin haya suka ɗauke ƙafa, jama'a suka koma hawan babur, sana'ar hayar babur da ake kira zemijan ta bunƙasa, matasan Zongo suka shige ta ka'in da na'in. To amma ɗan zemijan na Zongo ba mutum kaɗai yake ɗauka ba: yakan ɗora 'yar kasuwa da buhunta daga Adidogomé, yakan ɗaure raguna biyu a baya ana gobe Sallah. Babura kuwa suna ta shigowa ta tashar jiragen ruwa, wasu na ƙwarai, wasu kyan ɗan maciji, talaka ya sayar da abin da ya mallaka ya saya, bayan wata uku ya tura shi rumfar Salifou yana hawaye.

Ganin haka ya sa a shekarar 1996 ya kafa al'adar da ta ba shi suna, bisa sharuɗɗa uku waɗanda shi da kansa ya gindaya. Na farko, 'yan zemijan ne za su shiga shago su nuna babur da yatsansu, ba mai kaya ne zai zaɓa ba. Na biyu, za a ɗora masa buhun masara biyu. Na uku, Salifou zai tuƙa shi ranar Alhamis daga Zongo zuwa garin Kpalimé, ya hau dutsen Kloto, ya sauko, ya dawo a yini guda. Kashegari, bayan sallar Juma'a, sai ya tsaya a tashar babura ya faɗi ɗaya daga kalmomi biyu: «Ya ɗauka», ko kuwa «Bai ɗauka ba». Ba ya ƙarawa, ba ya karɓar ko goro, kuma abin da ya faɗa shi ne hukunci daga Zongo har unguwar Cacavéli. Dillalai da yawa sun tsine masa a ɓoye suna gaishe shi a sarari.

Kamfanin Barewa da sauyin alƙibla

A shekarar 2004 kamfanin Barewa ya kawo wani babur mummuna, mai nauyi, mai ƙarar tsiya, wanda ya hau Kloto kamar ba a ɗora masa komai ba. Salifou ya ce ya ɗauka, 'yan zemijan suka raɗa masa suna Jaki, kuma shekara goma sha biyar Jaki yana ciyar da gidajen Zongo.

A shekarar 2019 sababbin shugabanni suka karɓi ragamar kamfanin, suka bayyana cewa zamani ya sauya, za su daina ƙera Jaki da kayan gyaransa, su fuskanci ma'aikatan ofis da samarin birni da wani sabon babur siriri, mai ƙyalli, mai wurin cajin waya, wanda tasha ta sa wa suna 'Yar Gayu tun kafin a gan shi. Nan ra'ayi ya rabu. Dattawa suka ce kamfanin ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta, tunda a kan bayan masu ɗaukar kaya ya hau ya yi suna. Matasa suka ce dattawa tsoron sabon abu suke yi, ga babur ba ya shan mai, fasinja kuma ya fi son hawa abin da ba zai ɓata masa riga ba. Makanikai suka yi gunagunin cewa an rufe injin da wasu kusoshi da sifanarsu ba ta kamawa. An yi watanni ana wannan muhawara, wani lokaci har da cin kwala, kowane ɓangare kuma da abu ɗaya yake rufe bakinsa, wato a bari Maigwaji ya hau.

Kuskuren shekarar 2021

A watan Maris na 2021 wakilan kamfanin suka zo gidansa da kansu, cikin girmamawa, da rakiyar dattawan unguwa, suna ture da sabon babur, tare da su kuma akwai babban ɗansa Razak, wanda bai daɗe da samun aiki a sashen tallan kamfanin ba. Salifou ya san sharaɗinsa na farko sarai. Amma baƙo ya zo har zaure, ga ɗansa a tsaye cikin rigar aiki, kunya ta rufe shi, ya kasa cewa a mayar da wannan a je shago a nuno wani. Rabiatou ta faɗa masa a gaban ƙofar ɗaki cewa wanda ya kawo wa mahauci sa da kansa ya san abin da ya ba shi ya ci, amma Salifou ya karɓi babur ɗin. Ya hau, ya je, ya dawo lafiya, ranar Juma'a 12 ga Maris kuma ya tsaya a tasha ya ce ya ɗauka.

Cikin wata shida 'Yar Gayu ta cika Zongo. A watan Satumba na wannan shekarar, wani ɗan zemijan mai suna Seydou, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya sayar da Jakinsa saboda maganar Salifou kawai, yana tahowa daga Adidogomé da buhun gari, sai ƙarfen da ke riƙe da jikin babur ya tsage a ƙarƙashin sirdi, ya zube a gaban wata babbar mota, aka yanke masa ƙafar hagu. Kamfanin ya ce lodi ne ya yi yawa. Abin takaici, Salifou ma haka ya ce, kuma ya ci gaba da faɗa fiye da shekara guda, alhali ana ta kawo masa babura masu tsaga a wuri ɗaya yana yi musu walda. Magana zarar bunu ce, shi kuwa mutum ne da bai taɓa janye tasa ba. Seydou bai yi fushi da kamfani ba, domin zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ya daina amsa sallamar Salifou ko a masallaci.

Bayyanar gaskiya

A farkon 2023 Razak, wanda abin ya hana shi sukuni, ya shaida wa mahaifinsa cewa babur ɗin da aka kawo masa na nuni ne, ƙarfensa ya fi na shago kauri. Ranar Juma'ar da ta biyo baya Salifou ya tsaya a tasha ya amsa laifinsa, ya ce ya karya sharaɗinsa, ya janye hukuncinsa. Ya yi zaton hakan zai wadatar, sai ya tarar bakinsa ya daina tsada. Matasa suka ce masu sayar da tsofaffin kayan Jaki ne suka juya shi. Dattawa suka ce wanda ya yi ta farko me zai hana shi ta biyu. Aka ci gaba da saye, aka ci gaba da lodi, ga labari kuma ya iso cewa wani jirgi na tafe da sababbi kafin ƙarshen shekara. Wannan ya tayar masa da hankali matuƙa, domin ya san duk wanda ya faɗi, a kan maganarsa ya faɗi.

Gwajin ƙarshe

Ya yanke shawarar cewa hukuncin da hanya ta bayar, hanya ce kaɗai za ta warware shi. A lokacin yana da shekara sittin da huɗu, da hawan jini, idonsa na dama kuma ya fara hazo. Rabiatou ta roƙe shi ya ba wani mai ƙuruciya ya hau, ya ce ba zai ɗora ɗan kowa a kan abin da ya san zai karye ba. Ranar Alhamis 9 ga Nuwamba 2023, 'yan zemijan uku, biyu daga cikinsu masu adawa da shi, suka shiga shago suka nuna babur da yatsansu, aka ɗora buhu biyu, babura kusan arba'in suka bi shi a baya. Ya isa Kpalimé lafiya. Ya hau Kloto lafiya, har wasu suka fara murmushi. A wajen saukowa, a kwana ta uku, ƙarfen ya rabu gida biyu a idon kowa, buhunan suka danne shi a jikin dutse.

Kashegari a gadon asibiti, haƙarƙarinsa a karye, ya kira Razak ya ba shi saƙo, kuma a karo na farko ya ƙara a kan kalmominsa biyu, saboda ya ƙi ya zalunci ko da wanda ya yaudare shi. Bayan sallar Juma'a Razak ya tsaya inda mahaifinsa ke tsayawa, ya ce: «Baba ya ce injin babur ɗin mai kyau ne, birkinsa ma mai kyau ne, mai zuwa ofis ya saya. Amma kayan Zongo, bai ɗauka ba.» Ranar Litinin Razak ya ajiye aikinsa a kamfanin. Kamfanin bai amsa laifi ba, bai kuma sauya alƙibla ba, sai dai abin da jirgin ya kawo bai samu mai saye ko ɗaya a Zongo ba.

Wafati da jana'iza

Allah ya yi wa Malam Salifou rasuwa ranar Litinin 13 ga Nuwamba 2023 da hantsi, aka yi masa sutura a gidansa, aka sallace shi bayan la'asar. Kafin a tayar da kabbara, liman ya nemi duk mai haƙƙi a kan mamacin ya yafe, jama'a suka amsa baki ɗaya, sannan aka lura sahu ya juya yana duban Seydou, wanda ya zo a kan sandunansa ya tsaya a gefe, bai buɗe baki ba. Liman ya sunkuyar da kai. Daga nan Seydou ya ce: «Bakinsa ya ci mini ƙafa, amma bai tura ɗan kowa ba, shi ya hau. Na yafe masa.» Aka binne shi a maƙabartar Musulmi kafin faɗuwar rana.

Ya rasu ya bar matarsa Rabiatou da 'ya'ya biyar: Khairunnisa, malamar makaranta a Cacavéli; Safara'u, mai sayar da atamfa a Adidogomé; Nasser, wanda ya gaji rumfar gyara; Muhsinat, ɗaliba; da babbansu Razak, wanda 'yan zemijan suka je wurinsa har sau uku suna roƙon ya gaji gwajin, ya ce ya ga abin da kalma biyu ke ci, ba zai iya ba. Har yau Zongo ba ta da maigwaji, kowa da idonsa yake saye. Allah ya sa hanyar da ya hau ta ƙarshe ta zama kaffara a gare shi.