An Jiƙa Littafinki, Saudatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran aminiyata Saudatu Ma'aruf, mazauniyar unguwar Rusaifa a Makka, bayan jinyar ƙoda ta wata biyar. An sallace ta a Harami da la'asar. Hukuncin Ubangiji na karɓe shi hannu biyu. Abin da mutane suka aikata bayan an kai ta ne ya hana ni yin shiru.

Saudatu, shekara goma sha ɗaya muna taruwa a falonki duk Alhamis bayan la'asar, mu biyar. Ki shimfiɗa taswirar da kika zana a takarda mai gida-gida, ki ɗauko ɗan ludonki mai fuska ashirin, ki ce, "Yalla, ina muka tsaya?" Kowaccenmu da jarumarta. Ke ke ba da labarin, mu mu faɗi abin da za mu yi, ɗan ludo ya yanke ko mun dace. Ƙasar Bayan Gishiri kika raɗa wa duniyar, ni kuwa kika ba ni maƙeriya mai gurguwar ƙafa, wai don bakina ya fi ƙafata sauri.

Da mijina ya rasu na shiga takaba, ke kika kwaso taswirar da sauran matan kuka dawo ɗakina a Hindawiyya, wata huɗu da kwana goma ba fashi. Akwai ranar da maƙeriyata ta faɗa rijiyar dodanni. Kika jefa ɗan ludo, kika rufe shi da tafin hannu, kika ce ta tsira. Na ga abin da ya fito, ɗaya ne, wato mutuwa. Kin yi min maguɗi don kada in sake binne wani a shekarar, ban taɓa gaya miki na gani ba.

Duk abin da muka buga, kina zama ki mayar da shi labari, har ya cika littafin rubutu tara. Da ajami kika rubuta, don shi mahaifiyarki Hajiya Asma ta koya miki. Ni da na yi boko a Damagaram na ɗauki alkawarin juya shi zuwa boko a kai Kano a buga. Shekara uku ina ce miki sai bayan aikin hajji. Wannan laifina ne, kuma da shi nake kwana.

Kwana biyu da rasuwarki, muna zaman makoki, ƙaninki Mish'al ya buɗe akwatinki. Ya ga taswira mai gida-gida, ya ce hatimi ne. Ya ga jerin sunayen dodanninmu da lambobi a gefe, ya ga haruffan Larabci da ya kasa haɗawa su ba shi ma'ana, don ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa. Bai tambayi kowa ba. Ya cika bokiti da ruwa, ya tsoma littattafan tara, ya tsaya yana tofa ayoyi har tawadar ta narke.

Da na tare shi a ƙofa, ko kunya bai ji ba. "Halas ya abla Ramlatu, hada sihir. Na rufa mata asiri ne," in ji shi, wai shi ke nan, wannan sihiri ne.

Wane asiri? Mish'al, tun kana makaranta ake tsokanarka ana cewa Takari 'yan tsibbu ne, kana dawowa gida da kuka, Saudatu ce ke wanke maka fuska. Yau kai da kanka ka ɗauki wannan ƙazafin ka shafa wa 'yar'uwarka tana kabari. Yanzu mata na raɗa a layinku wai an tsinci wani abu a kayanta. Matar da da zarar ladani ya fara kiran salla take naɗe taswira, ko da muna tsakiyar yaƙi! To duk mai raɗar nan ya ji daga bakina: labari ne, tatsuniya ce ta mata biyar da ɗan ludo, kuma zan maimaita wannan shaidar a gaban Allah.

Abin da ya fi ƙona min rai, Hajiya Asma tana ɗakin da ke kusa, taku biyar tsakaninta da bokitin nan. Ita ta koyar da rubutun. Da na gaya mata, sai ta ce, "Da sun miƙo min, ai da na karanta musu." Ashe ba ta taɓa ganin ko shafi ɗaya ba. Kin ce mata sai kin gama, ita za ta fara karantawa.

Allah ya jiƙanki, Saudatu, ya sa jinyarki ta zama kaffara, ya haskaka kabarinki, ya wanke sunanki a bakin mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga dangin Ma'aruf na Rusaifa da na unguwar Mansur, da abokan zamanmu Haifa da Wafa da ta biyar ɗinmu. Mish'al, Allah ya ba ka haƙurin rashi. Yafiyata kuwa ban kai gare ta ba tukuna, ba zan yi ƙarya a takardar mamaci ba.

Hajiya Asma, kin ce in zo in ba ki labarin da baki. Zan zo, Inna, zan faɗi duk abin da na riƙe. Amma ki yi haƙuri tun yanzu, ƙarshen littafi na tara ba mu kai ga buga shi ba, Saudatu kaɗai ta san abin da ke ciki.