Reijo da Kwamfutar da Ke Suma

Maƙwabcina Reijo Kemppainen, tsohon direban bas a nan garin Oulu, bai yarda da abin da wani ya haɗa ba. Burodi da kansa yake gasawa. To da ya yi ritaya sai ciwon ya koma kan kwamfuta. Ya goge babbar manhajar da ke tafiyar da ita tas, wai zai sake gina ta daga tushe, daga ɗanyen rubutunta.

Ka ji fa, a makon ne 'yarsa Outi ta haihu a Ostireliya. Lokacin waya ba ta nuna fuska, sai ta kwamfuta. Matarsa Marjatta ta ƙagu ta ga jikarta ta fari.

"Tsohon nan, yaushe zan ga yarinyar?"

"Gobe, in dai kwampaila ya gama."

Kwampaila shi ke juya rubutun ya koma abin da inji ke ganewa, linka kuma ya ɗinke gutsattsarin. Aiki ne mai cin yini guda. Sai an yi nisa, kwampaila ya faɗi warwas. Reijo ya sake farawa. Wannan karon ya wuce wurin lafiya lau, sai linka ya sume can gaba. Kullum sabon wuri. Ya sauya sigar kwampaila, ya rage masa gudu, ya aika wa masu rubuta shi saƙon zagi, ya ce ko tayar bas ba zai ba su su ɗaura ba. Wani daga cikinsu ya amsa cikin ladabi: in faɗuwar ba ta da wuri ɗaya, a duba injin, ƙila zafi ne.

"Zafi? A Oulu? Ƙanƙara har gwiwa!" in ji Reijo. "Raina ni suka yi."

Ni kam abin ya ishe ni, don watanni ke nan kullum Marjatta tana ɗakin girkinmu tana shan kofi da jajayen idanu. Wallahi ta ba ni tausayi. Ranar nan na shiga in gaya masa magana. Na tarar ya kunna aikin, ya shiga sauna, ɗakin wankan tururi na cikin gidansa, kamar yadda ya saba, don a ganinsa ba abin da ke rage jira kamar gumi. Na jingina da bangon da kwamfutar take manne da shi, sai na yi tsalle don zafi. Bayan katakon nan murhun saunar ne!

Na buga ƙofa. "Kai Reijo, fito! Dafa ta kake yi!"

Ya fito da tawul, jajawur, ya taɓa bango, ya taɓa kwamfuta. Ya kashe murhu, ya buɗe taga, ya zauna cikin rigar sanyi yana gadin allo har aikin ya kammala washegari, ba ko tuntuɓe.

Aka kira Ostireliya. Outi ta ɗaga yarinya, ga ta ɓul-ɓul, tana zaune da kanta, tana wangale baki. Marjatta ta matsa har hancinta na taɓa allo, ta daɗe tana kallo.

"Reijo," ta ce, ba ta ko juyo ba, "har ta yi haƙori."