Nesta Mai Renon Karnukan Makafi

Na san Nesta Pugh ne ta dalilin aikina. Shekaru da dama ina tuƙa bas ɗin da ke tashi daga Corwen zuwa Wrexham, ita kuma gidanta yana gab da inda nake tsayawa kafin gada. Doguwa ce siririya mai saurin tafiya. Ba ta da yawan magana, amma in ta buɗe baki sai ka ji a jikinka.

Mijinta Idwal mai fasa dutse ne. Ƙurar dutsen ce ta cinye masa huhu, ya yi ta tari har ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Rhodri. Yaron na gama karatu ya samu aiki a Kanada, ya yi aure a can ya zauna. Gidan ya yi wa Nesta girma. Ta taɓa faɗa min cewa akwai lokacin da ta kwana biyu ba ta ji muryarta ba, har da ta je sayen madara sai da ta gyara murya kafin magana ta fito.

Wata safiya ana yayyafi ta hau motata da ɗan kwikwiyo a cikin rigar sanyinta, kansa kaɗai ya leƙo.

"Misis Pugh," na ce, "jika aka yi mana ba labari?"

"Tuƙa motarka, Gwilym," ta ce. "Wannan ma'aikaci ne. Ya fi ka muhimmanci."

Ƙungiyar da ke horar da karnuka masu yi wa makafi jagora ce ta ba ta shi. Haka suke yi: da an yaye kwikwiyo sai su kai shi gidan wani ya rene shi shekara guda da 'yan watanni, ya koya masa zama da mutane, sannan su zo su ɗauke shi su kai makarantarsu a koya masa aikin sosai. Ba a biyan mai reno. Kuma tun ranar farko ana faɗa masa cewa karen ba nasa ba ne.

Na farkon sunansa Pero. Ya cinye mata takalma, ya yayyage labule, ya yi fitsari a majami'a ana tsakiyar addu'a. Nesta ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba. Kullum aljihunta cike yake da gutsattsarin busasshen nama. In ya yi daidai ta ba shi ɗaya, in ya yi ba daidai ba ta juya masa baya ta yi shiru, kuma wannan shirun ya fi masa ciwo a kan duka. Da haka ta koya masa ya zauna a bakin titi kafin a tsallaka, ya kwanta ƙarƙashin kujerar mota, ya wuce gaban shagon mahauci bai ko juya kai ba. Ta kai shi kasuwa, tashar jirgin ƙasa, asibiti, da filin makaranta lokacin da yara ke tashi, don kada wata ƙara ta firgita shi nan gaba.

Ashe karen ya buɗe mata ƙofofin gari. Mutanen da suka shekara suna wuce ta sai ga su suna tsayawa. "Wayyo, dubi idonsa! Watansa nawa? Zan iya taɓa shi?" Ta ce a'a, yana kan koyo ne, su yi dariya, a ɗan yi hira. Amma ta lura da wani abu, ta kuma faɗa min muna tsaye a tashar ƙarshe.

"Sun san sunan Pero kaf garin nan. Ni kuwa 'matar nan mai kare' suke ce min."

Ranar da aka zo ɗaukar Pero ta haɗa masa bargonsa da ƙwallonsa ta miƙa wa matar da ƙungiya ta aiko. Ba ta raka su bakin mota ba. Da yamma na hango ta ta taga tana ta goge falo, gidan da ba shi da datti. Mako uku ba ta hau motata ba. Sai ga ta da wani kwikwiyon.

Haka rayuwarta ta koma. Kare ya zo, ya girma, ya tafi, wani ya zo. Wasu sun ci jarrabawar makarantar, wasu sun faɗi. Akwai wani baƙi da ya kasa daina bin tantabaru, aka mayar da shi gidan wani manomi. Ta kai ga in ta zauna da kwikwiyo na 'yan kwanaki takan san ko zai yi aikin. Ta ce ba mai wayon ake nema ba, mai wayo da yawa yakan yi wa kansa shawara. Wanda ake so shi ne wanda in tukunya ta faɗi zai razana, sannan ya dawo ya shinshina ta.

Mazan da ke zama a shagon shayi suka sa mata suna Uwar Karnuka. Wani tsoho mai suna Emrys, wanda ya taɓa neman aurenta ta ƙi, shi ya fi tsokanarta.

"Nesta, ki rene ni mana ni ma. Ina zama in an ce zauna."

"Kai? Ai kai ko an yi shekara goma ana horonka ba za ka daina bin ƙanshin kicin ɗin mutane ba."

A cikin dukan waɗanda ta rena, Cadi ce ta shiga ranta. Karya ce mai launin zuma, mai sanyin hali. Lokacin da Nesta ta yi zazzaɓi mai tsanani, Cadi ta ƙi barin bakin gado har ta warke. Da lokacin tafiyarta ya zo, Nesta ta roƙi a ƙara mata wata guda. Aka ce akwai wanda ke jira. Ta ce to.

Bayan shekara biyu ko uku, ina tsaye da ita a Wrexham wajen kasuwa, ni ina jiran lokacin tashina, ita kuma ba ta da kare a hannu domin tsakanin tafiyar wani da zuwan wani ne. Sai na ji ta damƙe min hannu. Wani saurayi makaho ne ke tahowa da sauri, sanye da rigar ofis, riƙe da mariƙin ɗamarar da ke jikin wata karya mai launin zuma.

"Cadi ce," ta ce a hankali.

"To kira ta mana."

"Ka haukace? Tana kan aiki. In ta juyo ya faɗa titi fa?"

Suka zo daf da mu. Na ga lokacin da karyar ta shaƙi ƙanshinta. Kunnuwanta suka motsa, ta ɗan karkato kai, wutsiyarta ta kaɗa. Amma ƙafafunta ba su canja hanya ba. Ta kai shi bakin titi ta tsaya, ta jira motoci suka wuce, suka tsallaka, suka ɓace a cikin mutane. Saurayin bai san an yi komai ba.

Nesta ta saki hannuna. "Ka ga yadda ta tsaya a bakin titin?" ta ce. "Ni na koya mata wannan."

A hanyar komawa ta zauna a kujerar can baya, inda ba ta taɓa zama ba, ta juya fuska wajen taga har muka iso gada.

Shekaru suka ja, gwiwoyinta suka fara ba ta wahala. Wani kwikwiyo mai ƙarfi ya fizge ta a kan ƙanƙara ta faɗi ta karya wuyan hannu. Bayan ta warke, matar ƙungiya, wata mai kirki da ake kira Sioned, ta zo ta zauna da ita a kicin. Ta sha shayi, ta yaba kek, ta yi ta kewaye-kewaye.

"Faɗi abin da ya kawo ki, 'yar nan," Nesta ta ce. "Shayin zai huce."

"Misis Pugh, kwikwiyo yana buƙatar mai gudu da shi. Muna jin tsoron ki sake faɗuwa."

"Wato na tsufa."

"Ban ce haka ba."

"Ba sai kin ce ba."

Sioned ta ce akwai wani tsohon kare da ya ajiye aiki, ba shi da wurin zuwa. Sunansa Tegid. Ya shekara tara yana yi wa wata makauniya mai suna Olwen Bevan jagora, yanzu ita an kai ta gidan kula da tsofaffi, kuma ba a kwana da kare a can. Nesta ta ce ita ba ta san renon tsofaffi ba. Washegari ta buga waya ta ce a kawo shi.

Tegid bai kula ta ba ko kaɗan. Ya samu wuri a bakin ƙofar gida ya kwanta, hancinsa a ƙasan ƙofar. Abinci sai ya ga dama. In ta shafa kansa ya bar ta ta shafa, kamar wanda ke haƙuri da baƙo. Dabarun da ta sani duk na koya wa kare abu ne, wannan kuwa ya san komai.

"Muna zaune kamar mutum biyu a layin ganin likita," ta ce min. "Kowa da wanda yake tunani."

Sai ta nemi izini ta fara kai shi wajen Misis Bevan duk ranar Alhamis. Ni nake sauke su a ƙofar gidan tsofaffin. Tun daga kwanar ƙarshe Tegid yake miƙewa tsaye cikin mota yana rawar jiki. Ta ce min in sun shiga, tsohuwar takan lalubi fuskarsa da hannu biyu tana ce masa, "Yarona, an ba ka abinci kuwa? An goge maka gashi?" Nesta kuma tana zaune a gefe da jakarta a cinya, ba wanda ya tuna da ita. Ta yi watanni a haka ba ta fasa zuwa ba.

Wata rana tsohuwar ta juyo inda take jin numfashinta.

"Ke baiwar Allah, ban ma tambayi sunanki ba."

"Nesta."

"An ce kina renon su tun suna ƙanana. Ban taɓa sanin yadda yake yana ƙarami ba, da girmansa aka kawo min shi. Yaya suke?"

Nesta ta shiga ba ta labarin takalman da aka cinye da fitsarin majami'a, tsohuwa ta yi dariya har da tari. Daga nan ranar Alhamis ta zama tasu su uku. Nesta na kai mata miyar rago da dankali a kwano mai murfi, domin ta ce abincin gidan ba gishiri. A wannan shekarar ce kaɗai na riƙa ganin Nesta ta hau mota da jan baki.

Misis Bevan ta rasu da shigowar sanyi. 'Yan uwanta suka yi jana'iza a wani gari, Nesta ba ta ji ba sai da ta je ranar Alhamis ta tarar an riga an ba wani ɗakin. Tegid ya shinshina gadon, ya fito da kansa. A daren ya bar bakin ƙofa ya hau bene da ƙyar ya kwanta a ɗakin Nesta. Ya yi kusan shekara biyu tare da ita kafin ƙafafunsa na baya su daina ɗaukarsa.

Yanzu na ajiye tuƙi. Kwanakin baya na bi ta gidanta na tarar ƙyauren shingenta ya karye, na koma na ɗauko guduma. Tana tsaye a kaina da sanda tana gyara min aiki.

"An sa min ranar aikin gwiwa," ta ce. "Likita ya ce in an gama zan yi tafiya kamar budurwa. Sai in kira Sioned ta kawo min kwikwiyo."

Na ci gaba da buga ƙusa. Shekarunta sun haura tamanin, kuma ina jin ta san amsar da za a ba ta.

"Ƙusar nan ta karkace, Gwilym," ta ce. "Cire ta ka sake. In ka gama ka shigo, na ɗora ruwa."

Na cire ƙusar na sake bugawa, na wanke hannu a famfon waje, na shiga.