Matuƙin Kumbon da Gwaggo Ta Yi wa Sadaka

Ni ba mai yawo ba ce. A Gumel aka haife ni, a Gumel aka aurar da ni, kasuwar Maigatari ma sau biyu na taɓa leƙa ta. Amma sararin samaniya kam na zaga shi sarai, ina zaune kan tabarma ina ɓarar gyaɗa.

Lokacin soja na mulki, ana ta zancen zaɓe, Malam maigidana ya dawo daga Kano da akwatin talabijin. Akawu ne a ma'aikatar gona. Aka ɗaura eriya a kan doguwar gora, aka jona da batirin mota. Hoton baƙi da fari, yana rawa kamar mai zazzaɓi. Duk Alhamis bayan Magariba sai a sa wani wasan Turawa, na wasu mutane da ke tafiya cikin kumbo daga wannan tauraro zuwa wancan. Matan unguwa su cika tsakar gida. Da yake ba mai jin Turanci sai Malam, shi ne tafinta. Kujerarsa na gefen akwatin, in ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Mutumin da a ofis ake aika shi ɗauko fayil, ranar Alhamis ji yake kamar alƙali. Ina son ganinsa haka.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, sai dai abin da ya shiga kunnena ko idona ba ya fita. Tun farko na ga masu tsara wasan nan ba su taɓa riƙe gida ba. Wata da watanni ana tafiya, ba mai girki, ba mai wanki, ban ga randa ko ɗaya ba, amma riguna kullum fes. An ce mana man kumbo ya kusa ƙarewa, har aka kashe fitilu, wani mako sai ga su suna tsere da wasu dodanni, ba wanda ya ƙara ta da maganar mai.

Cikin 'yan kallo akwai Gwaggo, yayar mahaifin Malam, da ta zo jinyar ƙafa daga Sule Tankarkar, da ɗanta, taubashin Malam, mai tuƙa motar haya zuwa Gagarawa. Gwaggo ta ɗauki son duniya ta ɗora wa matuƙin kumbon, wani siririn saurayi mai kunya. Wai kamarsu ɗaya da autanta da ya rasu.

Ranar nan wuta ta tashi a kumbo, saurayin ya shiga kashewa, ya faɗi. Aka sa shi a dogon akwati, aka tura shi waje cikin taurari, shugabansu ya yi jawabi yana share ido. Malam ya cire hula ya ce, "Jama'a, ya rasu." Gwaggo ko tuwo ba ta ci ba. Ran kwana uku ta sa na daka gumba aka raba sadaka a unguwa. Na ce, "Gwaggo, wasa ne fa." Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Uwarsa fa, ita ma wasa ce?"

Alhamis biyu bayan haka, ga saurayi zaune a mazauninsa yana murɗa sitiyari, har da dariya. Ba tabo, ba bandeji, ba wanda ya ce masa sannu.

Gwaggo ta juyo wajen Malam a hankali. "Kai ɗan nan, wa ka ce mini ya rasu?"

"Gwaggo, wallahi abin da suka faɗa ke nan."

Taubashi ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Bawana, Turancin naka na cike fom ne! Ashe tatsuniya kake shirga mana tun bara. Tashi ka ba ni kujerar, ni ma na ɗauki Bature sau ɗaya a mota."

Mata suka sa mayafi a baki. Malam ya yi murmushin yaƙe, bai ƙara fassara ko kalma ba. Washegari ya ce mini mako mai zuwa kowa ya kalla da idonsa, shi ya bari. Na san in ya sauka daga kujerar nan, har a bakin masallaci sai an riƙa tsokanarsa.

Alhamis na zuwa, kafin a jona batir, na ajiye tiren gyaɗa na ce ina da magana.

"Wa ya ga akwatin da aka sa yaron?" Duk sun gani. "Da Turanci kuka gan shi, ko da ido? Shugabansu da ya yi kuka, Malam ne ya matso masa hawayen?"

Na shiga jero musu. Maganar mai. Tabon shugaban, da ya kwana biyu a kuncin dama ya koma hagu. Likitar da ta ce ba ta da kowa a duniya, sai ga ƙanenta ya zo a wani jirgi. Ƙofar da ba ta buɗuwa sai mutum biyu sun danna, ran da suka matsu kare ya tura ta da hanci. Na ce, "Mutanen nan suna rubutu ne suna mantawa. Mai tallan fura ta fi su riƙe zance. Sun kashe yaro, suka ga ba mai tuƙi, suka ɗauko shi ba ko kunya."

Gwaggo ta ce, "To gumbata fa?"

"Ta shiga cikin 'ya'yan Musulmi, Gwaggo."

Taubashi ya ce, "Matar bawana, ashe lauya muka ajiye a gida." Ya jawo kujerar da kansa ya karkaɗe ta. "Zauna, akawu. Maƙaryatan na can ƙasar Turawa."

Malam ya zauna. Ba a yi nisa ba dodo ya maƙure wani a wasan, ya zube ƙasa. Duk aka juyo ana kallon Malam. Ya gyara murya.

"Ya faɗi," in ji shi. "Iyakar abin da zan ce ke nan. Kada wanda ya jiƙa gero sai mun ga mako uku."