'Yar Tukunyar Bayan Randa

Jiya ina kaɗa miyar kuka, na kusa zuba gishiri ban ɗebe ta Yaya ba. Nan take matarshi ta faɗo mini a rai. Shekara guda ke nan da rasuwarta.

Tun da likita a Gummi yac ce yana da hawan jini, takan ɗebe mishi miya a 'yar tukunya kafin ta sa gishiri, ta ƙara daddawa don kada ya gane. Mutum ne mai gardama, da ya sani ba ya ci.

Da ciwo ya kwantar da ita, na iske ta ta rame, ɗakin duk warin magani. Ta riƙe mini zane.

"Ke mai baki, tukunyar na bayan randa. Kada ki gaya mishi."

Nac ce, "Tashi ki yi abinki, ni ba baiwarki ba ce."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ba ta tashi ba.

Yanzu ni ka yi. Jiya ya kai loma guda, yac ce, "Wagga kamar tata," ya ture kwanon.

Allah Ya sanyaya makwancinta, Ya sa tsohon nan ya ci abinci gobe.