Zuwana Takanamat Duba Ajin Mushe Ilyasu

Tawa, Litinin

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na hau kamiyon 'yan gero a tashar Tawa, kuɗin mota dala ashirin. Mai duba makarantu ne ya aike ni in gano ko gaskiya ne Mushe Ilyasu, wato Malam Ilyasu, malamin makarantar Takanamat, yana koyarwa da Hausa, alhali doka ta ce Faransanci zalla. Ni na roƙi a ba ni aikin. Aji ɗaya muka yi da Ilyasu, kullum ina gabansa, amma yanzu shi ake yabo har cikin kasuwa, ni ba mai ambatona.

Jandarma ya tsayar da mu a bakin gari, ya ga takardata, ya sara mini. Ƙarfe takwas muka kafe cikin rairayi, muka sauka turi. Direba yana haki ya ce, "Mushe, wajen Ilyasu za ka? Ɗiyata tana ajinai. Wallahi ita ka karanta mini takardun mota yanzu."

Na ci gaba da turi.

Takanamat

Kilomita kusan hamsin, sai sha ɗaya da rabi muka iso. Ilyasu ya rungume ni, ya sa aka dama mini fura, sannan ya kai ni ajinsa, rumfar zana mai yara cike, Hausawa da Buzaye. Na zaɓo lissafi mai wuya na jefa musu da Faransanci, ina jiran su yi zuru. Sai suka haɗa kai suna gardama da Hausa, wasu da Tamashek. Wata yarinya ta miƙe ta ba da amsa daidai, da Faransanci, har da dalili. Yaran da nake koyarwa a Tawa hadda kawai suka iya.

Da aka tashi na ce, "Aboki, ka san doka."

Ya ce, "Na sani. To yaron da bai gane da harshen uwatai ba, mi za ya juya zuwa Faransanci? Kai dai rubuta abin da ka gani."

Tawa, Talata

A ɗakinsa na kwana, shi ya koma tabarma. Da hantsi na samu motar 'yan awaki, la'asar ina gida lafiya, alhamdu lillahi.

Na rubuta wa mai duba makarantu cewa yana Hausa cikin aji. Abin da yaran suka iya kuwa, ban sa ko layi ɗaya ba. Bayan wata biyu aka mayar da shi can gabas mai nisa. Daga can ya aiko mini da wasiƙa yana gode mini da wahalar hanyar da na sha don in ziyarce shi. Har yau ban ba shi amsa ba.